Hayaƙin Cikin Telen Baba

Salamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce wai na cika kare Lurwanu kamar ni na haife shi. To ki gyara zama, yau ba kare kowa na zo yi ba. Laifina na zo faɗa, kuma da bakina.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Juwairiyya, a Gazawa muke, ni ce auta a gidanmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Lurwanu shi ne mai nemana. Sana'arsa ɗaura parabol, wato farantin kamo tashoshi, da gyaran tele, kullum yana kan moto, babur ɗinsa ke nan, da tsani ɗaure a gefe. Kawunnansa sun aiko cewa ranar Juma'a za su zo gaisuwa, Baba kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kun san mi ya shiga tsakani? Tele. Wallahi tele.

Baba tsohon ɗan kokowa ne. Har gobe in ya naɗe hannun riga za ka ga shaida. Duk shekara in lokacin kokowar takobi ya zo, ana fito da tele zaure, a shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa su cika wurin. Ba don tele kaɗai suke zuwa ba, don bakin Baba suke zuwa. Kafin mai sharhi ya buɗe baki, Baba ya riga ya ce, "Wancan ya ba da ƙafa, ya tafi!" Sai kuwa ka ji an kada shi. Kujerarsa ta zaure ita ce sarautarsa, ba ya haɗa ta da komai.

To bana ana jibi za a fara kokowa tele ta fara tsiya. Hoto ya zo, ya tsaya cak, ya kakkarye gida-gida, sannan ya ɗauke. Inna ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ai sai a kira yaron nan." Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Na ce a raina ga dama ta samu, Baba zai ga aikin hannunsa.

Ranar Asabar da hantsi ya zo. Na saka atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, na zumbula hijabi baƙi a kai don kar Gwaggo Hauwa ta samu abin faɗa. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ta zo daga Agiye tun Alhamis, wai taya mu shirin baƙi. Ni dai na san abin da ya kawo ta. Akwai ɗan ƙawarta mai aikin buro, wato ofis, a Maradi, kullum sai ta sako sunansa ko da ana maganar gishiri.

Lurwanu ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, kansa a ƙasa. Na kawo ruwa na ajiye, na koma bayan ƙyaure na laɓe. Ya buɗe wani shafi a dikoda, sanduna biyu suka fito, ɗaya ta ƙarfin sigina ɗaya ta kyawunta.

"Baba, ƙarfi arba'in da ɗaya, kyau talatin. Ya yi ƙasa ƙwarai."

Ya hau rufi da wata 'yar na'ura mai kuka ƙii-ƙii, ya kwance parabol ya ɗan juya ta kaɗan-kaɗan har kukan ya yi tsini, ya ɗaure. Sannan ya bi fil ɗin, wato wayar da ta taso daga parabol, taku-taku. Kun san gidanmu, daga parabol fil ya rabu biyu, ɗaya ya shiga ɗakin Inna inda ƙaramar tele take, ɗaya ya ratsa tsakar gida da garken awaki har zaure. A bayan garke ya tarar awaki sun taune shi, wani kuma ya haɗa da leda da zare. Ya yi dariya shi kaɗai, ya yanke wurin, ya sa sabo.

Da ya dawo zaure, sanduna sun cika sun yi kore.

"Yanzu tamanin da takwas, Baba. Kyau saba'in da tara."

Daga inda nake laɓe ina hango hoton. Tas, har gumin mai karanta labarai ana gani. Na dafe ƙirji ina jiran Baba ya sa albarka.

Baba ya ɗan karkata kai, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ya daina tsayawa dai. Amma hayaƙin nan yana nan."

Lurwanu ya dubi tele, ya dubi Baba. "Hayaƙi, Baba?"

"Hayaƙi mana. Kamar ana girki a ciki. Maijidda! Zo ki gani."

Inna ta ji ya kira sunanta ta leƙo, ta dubi tele, ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Ƙwarai kuwa, Malam, akwai hayaƙi."

Gwaggo ta leƙo ta bayanta ta ce, "Ai ni tun daga nan nake ganinsa."

Sai Baba ya ce, "Uwata, kina nan bayan ƙyaure, na ji motsinki. Ke fa?"

Jama'a, ga laifina na farko. Inna ta ce akwai, gwaggona ta ce akwai, ni wace ce da zan ƙaryata Baba a gaban wanda bai ma zama suruki ba? Na ce, "E, Baba, akwai kaɗan."

Lurwanu bai ɗago ba. Ya naɗe sauran fil ɗinsa a gwiwar hannu ya ce, "To Baba, zan dawo Litinin in sha Allah."

Litinin an riga an fara kokowa, zaure ya cika. Ya zo da ampili, wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana da ake sa wa a tsakiyar fil in hanya ta yi nisa, don ya ƙara wa sigina ƙarfi. Ya ɗaura shi bayan wurin da layi ya rabu, ya zo ya duba sanduna, ya ce sun haura tasa'in. Har ya yi bayani a hankali cewa ba zai ƙara fiye da haka ba, don in ƙarfi ya wuce kima dikoda rikicewa yake yi.

Baba ya ce, "Kai dai lambobi kake ta kira mini tun shekaranjiya. Ni ba lamba nake kallo ba, kokowa nake kallo. Hayatu, kana ganin fuskar wancan?"

Malam Hayatu maƙwabcinmu ne, abokin Baba tun suna samari. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ba sosai ba."

Shi ke nan, sauran dattawa suka ɗauka. Wannan ya ce ai kayan yanzu ba su da aminci, wancan ya ce ai masu gyaran ne ba su ƙware ba. Sai Baba ya faɗi maganar da ta sa hawaye suka zubo mini a bayan ƙyaure.

"Yaro, sau biyu ke nan. In mutum bai iya riƙe sana'arsa ba, ban san yadda zai riƙe gida ba."

Lurwanu yana durƙushe, riga duk ƙurar rufi, ya ce, "Gaskiya ne, Baba. A ƙara mini haƙuri zuwa Laraba." Ya ɗauki telekomand, abin canza tasha, ya kama hannun Baba ya sa masa a tafi, ya fita.

A cikin gida Gwaggo tana tsinke zogale tana waƙe-waƙenta. "Ni dai ban ce komai ba. Amma mai hawa rufin mutane, yau yana nan gobe ya faɗo. Wancan mai aikin buro kuwa kujerarsa har juyawa take yi." Na yi kamar ban ji ba, na shige ɗaki na rufe, na jawo portabul, wayata ta hannu.

Na rubuta wa Lurwanu: "Da gangan Baba yake yi. Na ga hoton da idona, tas yake. Gwaggo ce ta zuga shi."

Ya amso: "Kar ki faɗi haka a kan Baba."

"To mi ya hana ka ce masa babu wani hayaƙi? Ka tsaya ana ci maka fuska gaban mutane!"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can saƙo ya shigo: "Juwai, hoton dikoda ba ya hayaƙi. Ko ya fito tas, ko ya kakkarye, ko ya ɗauke. Telen da, mai eriyar sanda, ita ce ke yin haka."

"To ka gani! Dalili kawai yake nema ya kore ka."

"Ki yi haƙuri zuwa Laraba."

Na yi tsaki na wurga portabul kan katifa. Ga laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni: kwana biyu ina fushi da Baba. In na kai masa hura sai in dangwarar in juya. Ya ce, "Uwata, lafiya?" in ce, "Lafiya lau," a daƙile. Har na ga ya miƙa hannu yana laluben ludayi a gefen ƙwarya, na ce a raina ai hankalinsa yana kan yadda zai raba ni da Lurwanu. Allah ka yafe mini.

Laraba ɗan kokowar jiharmu ta Maradi zai shiga fili, don haka tun azahar babu wurin sa ƙafa a zaure. Lurwanu ya zo sanye da farar riga wankakkiya, ba tsani, ba na'ura, sai 'yar jaka. Na ce a raina shi ke nan ya sare.

Ya gaida kowa, ya je bayan tele ya ɗan yi taɓe-taɓe, sannan ya ce, "Baba, na gano fil ɗin nan tsawonsa ya yi yawa. Zan rage shi, amma sai an matso da tele nan kusa da kai, don ba zai kai can ba."

Ni da nake ganinsa ta tsagar ƙyaure, na ga bai yanke komai ba. Naɗe fil ɗin ya yi ya tura bayan buhun gero. Ya ɗauko teburin tele ya ajiye shi taku biyu daga kujerar Baba, tele ta juya wa ƙofa baya. Ya roƙi a ba shi tabarma, ya rataye ta a ƙofar waje, wai rana tana dukan gilashin. Zaure ya yi duhu-duhu.

Sannan ya ɗauki telekomand ya shiga wurin saita hoto. Haske yana hamsin, ya kai shi ɗari. Bambancin fari da baƙi, ya kai ƙarshe. Launi ma ya tura shi sama. Yana yi yana satar kallon fuskar Baba, ba tele ba.

Wayyo, da kun ga hoton! Fuskokin mutane suka koma kalar manja, yashin fili ya yi fari fat har yana kashe ido, alƙalin wasa kamar an zana shi da gawayi. Dattawa suka fara kallon juna. Malam Hayatu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Baba, ya mayar ya rufe. Ni kuwa na ce a raina, Lurwanu ka haukace? Yau ka ƙarasa kashe mu.

Sai na ji Baba ya ce, "Yauwa."

Ya sunkuyo gaba, hannu a kan gwiwa. "Yauwa! Ga namu can, mai layu a damtse. Kai, yaron nan ya yi ƙiba." Aka busa, aka kama. Baba ya miƙe rabi daga kujera. "Ya ba da ƙafa! Ɗauke shi! Ya tafi!" Sai bayan nan mai sharhi ya yi ihu, zaure ya kaure da kabbara da tafi.

A nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Tun da aka fara kokowar bana ban ji Baba ya riga mai sharhi ba sai yau. Na tuna ludayin da yake lalube. Na tuna tun damina ya daina hawa kekensa zuwa gona, wai gwiwa. Na tuna ranar da ya gaida mai tallan goro da sunan Malam Hayatu muka yi ta dariya, shi ma ya taya mu. Na zauna a ƙasa bayan ƙyaure na toshe baki da hijabi.

Ina ji Baba yana cewa, "Kun gani? Na ce muku akwai hayaƙi. Yaro, Allah ya yi maka albarka, ashe ka iya." Dattawan nan kuwa, idanunsu na hawaye saboda hasken, kowa yana cewa, "Ƙwarai, yanzu ya fito."

Na lallaɓa na samu Inna a madafa tana tankaɗe. Ban ma yi magana ba, ta dubi fuskata ta ajiye rariya.

"Kin gane ke nan."

"Inna, kin sani? Kika bari ana wulaƙanta bawan Allah?"

"Rage murya." Ta jawo ni kusa. "Tun damina na sani. Ni ke tura masa kwano har ya taɓa hannunsa. Ke ba ki san yadda Baffanki Amadu na Gidan Sori ya makance ba? Yanar ido ce irin wannan ta fito masa. Aka kawo wani mai cire yana na gargajiya ya soka masa allura, babanki yana riƙe masa kai. Daga ranar bai ƙara ganin ko rana ba. To wa zai tunkari babanki ya ce masa yana ce a idonka? Ni dai ban iya ba."

Portabul ya yi motsi a hannuna. Lurwanu ne, daga waje.

"Na yi abin da zan iya, amma ba gyara ba ne, dabara ce. Nan da wata uku ko huɗu, hasken ɗari ma ba zai ishe shi ba, kuma babu lamba a sama da ɗari. A Maradi ana cire yana a asibiti, an yi wa kakata tana gani yanzu. Ni bakina ba zai iya faɗa wa Baba ba. Kuma ba na so kawunnaina su zo Juma'a a kan yabon da na samu da wayo."

Na karanta sau uku. Wato in na yi shiru, Juma'a lafiya lau, Baba ya riga ya sa albarka gaban mutane. In na yi magana, zai gane an yi masa dabara a zaurensa, gaban abokansa, kuma wanda ya yi ita shi ne mai neman 'yarsa. Na san zuciyar Baba. Wallahi sai da na yi tunanin yin shiru, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a bari a ɗaura aure tukuna. Sai na tuna hannunsa yana laluben ludayi, ni kuma ina tsaye ina hararar sa.

Da aka tashi daga kokowa, rana ta yi sanyi, mutane suka watse shirin sallah. Na shiga zaure kwashe kofuna. Baba yana zaune shi kaɗai, tele tana ta haska masa fuska. Na durƙusa ina tattarawa, ina neman ta inda zan fara.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Kashe abin nan, yana sa mini ciwon kai."

Na kashe. Na dawo na durƙusa gabansa.

"Hayatu bai iya ƙarya ba," ya ce. "Shekara hamsin muna tare. Yau da ya ce hoto ya fito, muryarsa irin ta mai gaida mara lafiya ce."

Hawaye suka zubo mini.

"Tun damina ban ga fuskarki sosai ba. Da tafiyarki nake gane ki, kina jan takalmin hagu." Ya ɗan yi murmushi. "Na so a ce tele ce. Da kowa ya ce akwai hayaƙi, har na fara yarda. Amma yaron nan ya sani. Ranar Litinin bai miƙo mini abin canza tasha ba, kama hannuna ya yi ya sa mini a ciki. Na ci masa mutunci gaban mutane, kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, bai faɗa ba."

"Baba, ka yafe mini. Na zaci..."

"Na san abin da kika zata, ai na ji yadda ake dangwarar mini da hura." Ya share fuska da tafin hannu. "Ina tsoro, Uwata. Ni na riƙe kan Amadu."

"Ba irin wancan ba ne, Baba. A asibiti ne, an yi wa kakar Lurwanu, tana gani."

Aka fara kiran sallah daga masallacin kasuwa, sannan Baba ya ce:

"Ki aika masa ya ce wa kawunnansa su dakata da Juma'ar nan."

Na ɗago kai na ce, "Baba..."

"Ban gama ba. Gobe da sassafe ya zo, ya bar tsaninsa a gida. Shi zai raka ni Maradi, shi zai riƙe mini hannu, ba na son kowa ya sani sai uwarki. Ba zan ba da ke ga mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. In an buɗe idon na gan shi, a ranar zan ba su amsa."

Tambayar ta fito da kanta, ban so ba. "In kuma... in ba a dace ba fa, Baba?"

Ya miƙo hannu yana lalube a iska, na matso da kaina har tafinsa ya sauka a kan hijabina.

"To sai ki zauna kusa da ni ki faɗa mini kamanninsa. Amma wannan karon, Uwata, abin da kika gani za ki faɗa."

Yanzu haka da nake muku wannan rubutu, sun fi awa biyu da shiga mota. Inna tana kan sallaya tun da suka fita, Gwaggo tana ta tambayar ina aka je ba wanda ya tanka mata. Portabul yana kan cinyata. Saƙon Lurwanu na ƙarshe ya shigo minti goma da suka wuce: "An kira sunan Baba. Ya ƙi sakin hannuna."